Hannun Ebihara da Bakin Masaji

Kuwahara Masaji mutum ne da duk wani ɗan Japan da ya taɓa zama a birnin Düsseldorf na ƙasar Jamus zai ce maka ya san shi. Shi ne mai wani ɗan izakaya, wato gidan ci da sha irin na Japan, a lungun da ke bayan tashar jirgin ƙasa, inda ma'aikatan kamfanoninmu suke taruwa in an tashi aiki, su tuɓe kwat, su ci tsiren kaza da gasasshen kifi, su sha giyar shinkafa, su yi hira da harshen gida. Daga garin Kokura na Japan ya zo tun yana saurayi. Ya daɗe yana girki a wani otal, daga baya shi da matarsa Fumie suka rataya jar fitila a ƙofar nasu wurin. Kowa Taisho yake kiransa, kamar yadda ake kiran duk mai irin wannan waje.

Mutum ne mai kirki, wannan babu gardama. In ya ga sabon zuwa ya zauna shi kaɗai yana kewar gida, zai tura masa faranti ya ce kyauta ce, ya yi ta jansa da wasa har sai ya ga haƙoransa. Aibinsa ɗaya ne: magana ba ta kwana a cikinsa. Ba don mugunta ba. Shi dai bai iya jure shiru a kantarsa ba. Da ya ga hira ta fara mutuwa, sai ya lalubo labarin wani ya jefa, ya ƙara masa gishiri, ya kwaikwayi muryar mutumin da tafiyarsa, har sai jama'a sun riƙe ciki don dariya.

Fumie ta sha yi masa magana.

"Baban Kaori, mutanen nan ba don daɗin tsirenka kawai suke zuwa ba. Abin da ba za su iya faɗa a ofis ba, ba za su iya faɗa a gida ba, shi suke zuwa su sauke a nan."

"To ai ni ma taya su ɗauka nake yi," in ji shi, yana fifita gawayi. "Kuma kin taɓa ji na kama sunan wani?"

"A garin nan? Mu nawa ne gaba ɗaya? Kanti ɗaya muke sayen shinkafa, likita ɗaya muke gani. Ko tari ka kwaikwaya, an san mai shi."

Sai ya yi dariya ya ce ita dai tun tana budurwa take da tsoro.

Cikin masu zuwa kullum akwai Ebihara Norio, injiniya a wani kamfani mai ƙera sassan injuna. Matarsa ta rasu da jimawa, ta bar shi da 'yarsu ɗaya, Chiharu, wadda take shekarar ƙarshe a makarantar sakandaren Jamusawa. Ebihara ba mai magana ba ne. Kujerar ƙarshen kanta yake zama, kusa da murhu, ya ci kifinsa, ya sha giya kofi biyu ko uku, ya yi sallama. Masaji yakan tsokane shi ya ce da shi da tukunyar shinkafa bai san wanda ya fi wani surutu ba. Amma sun shaƙu. Dukkansu mutanen tsibirin Kyushu ne, inda Kokura take, kuma mai surutu ba abin da yake so kamar mai saurare.

Wata rana da kaka, da rana tsaka, tun ba a buɗe ba, Ebihara ya ɗaga labulen ƙofa ya shigo. Fumie ta tafi kasuwa. Masaji yana tsaye yana tsira naman kaza a tsinke.

"A'a, Ebihara-san! An kore ka daga aiki ne, ko agogonka ne ya haukace?"

Ebihara bai yi dariya ba. Ya zauna, ya zaro hannunsa na dama daga aljihu, ya ɗora a kan kanta.

"Duba."

Hannun yana rawa shi kaɗai. Babban yatsa yana gogar na kusa da shi kamar mai murza ƙwayar shinkafa.

"Yo, kofi ka sha da yawa?"

"Likita ya ce ciwon jijiya ne, daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Ba ya warkewa. Sai dai a rage masa gudu."

Masaji ya ajiye tsinken. Ya goge hannu a tsumma.

"Ko Chiharu ba ta sani ba," in ji Ebihara. "Jarrabawarta ta ƙarshe tana tafe da bazara. In kamfani ya ji, gida za su mayar da ni, su ce don lafiyata ne. Ni kuwa so nake yarinyar nan ta gama da hankalinta a kwance. In ta gama, da bakina zan gaya mata, in gaya wa kamfani. Aikina ban kasa ba, Taisho. A ofis ina iya ɓoyewa. A nan ne matsalar."

Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi. An turo musu sabon shugaba daga Osaka, Shirakawa, kuma a nan za a yi walimar tarbarsa. A wajen sha ba wanda yake zuba wa kansa. Ƙarami ne yake zuba wa babba, ya riƙe kwalba da hannu biyu, idon kowa a kansa. Ebihara shi ne mataimaki, shi zai fara.

"In na ɗaga kwalbar nan a gabansa, na gama yawo."

Masaji ya bugi ƙirji. "Wannan ne kawai? Bar mini. Ba za ka taɓa kwalba a gidan nan ba. Maganar kuma ta mutu a nan. Bakina a ɗinke yake."

Ranar walimar kuwa ya cika alkawari. Ana gama raba tawul mai zafi na goge hannu, kafin Ebihara ya motsa, sai ga Masaji ya faso tsakiyar jama'a rungume da wata ƙatuwar kwalba.

"A dakata! A gidan nan, babban baƙo ba mai zuba masa sai mai gida. Al'adar Kokura ce."

Shirakawa ya ɗaga gira. "Na yi aiki a Kokura, Taisho. Ban taɓa jin wannan al'ada ba."

"Ai shi ya sa aka kawo ka Jamus, Shugaba, don ka ƙaro ilimi."

Wurin ya kece da dariya, shi kansa Shirakawa har da buga tebur. Daga nan duk sanda kofinsa ya yi ƙasa, Masaji yana kansa. Shi kuwa Ebihara, Masaji ya ajiye masa wani kofin yumɓu mai nauyi mai faɗin baki, ba ya cika shi sai rabi, ya dinga turo masa abinci a tsinke wanda zai ci da hagu ba sai ya riƙe tsinkayen cin abinci ba. Aka watse ba wanda ya lura da komai. A bakin ƙofa Ebihara ya rusuna wa Masaji har ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba.

Haka aka ci gaba har sanyi ya shigo. Duk sanda mutanen kamfanin suka zo, al'adar Kokura tana nan. Har wasu teburan suka fara neman a yi musu ita.

To a nan ne abin ya fara cin Masaji. A duk rayuwarsa bai taɓa yin dabarar da ta kai wannan kyau ba, kuma ba wanda ya san ya yi ta. Labarin yana da komai: ga tausayi, ga ban dariya, ga shi kansa a tsakiya a matsayin gwani. Sau da yawa yakan zo masa har kan harshe, ya haɗiye shi da ƙyar.

A ƙarshen shekara kamfanoni suka fara walimar sallamar tsohuwar shekara. Wata yamma ma'aikatan wani kamfanin fatauci suka cika wurin, wasu har da matansu. Ebihara bai zo ba. Fumie tana ciki tana suyar awara. Masaji ya jefa labari ɗaya, aka yi murmushi. Ya jefa na biyu, wani ya duba wayarsa. Sai wani mai suna Okonogi, mutum mai ƙatuwar murya da son tsokana, ya ɗaga kofi.

"Taisho, ka tsufa! Wannan labarin tun ina da gashi a ka nake jinsa. Rumbun ya ƙare ne? Ku zo mu koma izakayar Murata, shi ko ba labari akwai talabijin."

Aka yi dariya, amma wannan karon shi ake yi wa. Kunnuwan Masaji suka yi zafi.

"Rumbuna ne ya ƙare? To ku saurara. Kun san al'adar Kokura da kuke ta roƙo a yi muku? Ni na ƙirƙire ta, a nan inda nake tsaye."

Ya ba su labarin tun daga farko. Bai kama suna ba. Wani bawan kamfani, in ji shi, da wani sabon shugaba. Ya kwaikwayi ɗaga girar shugaban. Ya kwaikwayi kansa rungume da kwalba. Da ya ga sun kamu, sai ya ɗauki kwalba da hannu biyu ya nuna yadda abin zai kasance da bai shiga tsakani ba: hannun yana karkarwa, giya tana fantsama a wandon shugaba. Mutane har da hawaye.

Okonogi ya share ido, sannan ya tsaya.

"Dakata. Ba mutumin nan ba ne mai zama can ƙarshen kanta? Mai kofin yumɓu?"

Da Masaji ya ce a'a a lokacin, da ya ce mutumin ya daɗe da barin gari, wataƙila da an tsira. Amma dariyar tana kansa kamar giya. Sai ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "Ni dai ban ce ba," ya kuma kaɗa hannun dama sau ɗaya.

Dariyar da ta biyo baya gajeriya ce. Wata mata ta ajiye kofinta a hankali. Da Masaji ya waiga, sai ya ga Fumie tsaye a ƙofar kicin da faranti a hannu, tana kallonsa. Ba ta ce komai ba, har suka rufe, har suka je gida.

Babu wanda ya ɗauki maganar da niyyar cutarwa. Matar da ta ajiye kofi ta gaya wa ƙawarta don tausayi. Ƙawar ta gaya wa matar Shirakawa don a sassauta wa bawan Allah aiki. Shirakawa ya kira Ebihara ofis, ya yi masa magana mai daɗi, ya sanar da hedikwata kamar yadda doka ta ce. Amsa ta zo cewa ya dawo gida a ƙarshen watan Maris, an tanadar masa aiki mara wahala.

Bayan sabuwar shekara, da rana, Ebihara ya sake ɗaga labulen ƙofa. Wannan karon bai zauna ba. Hannunsa kuma ba ya cikin aljihu.

Masaji ya zagayo da sauri. "Ebihara-san, wallahi ban kama sunanka ba, ni dai..."

"Ba aikin ne ya kawo ni ba," in ji Ebihara, muryarsa a kwance. "Aiki dama wata rana zan bar shi. Chiharu ce ta je sayen shinkafa. Wata mata da ba ta ma san sunanta ba ta tare ta a gaban kanta, ta rusuna, ta ce sannu da jinyar Baba, in kuna bukatar wani abu ku faɗa. Yarinyar ta dawo gida, ta tsaya a bakin ƙofa da buhun a hannu, ko takalmi ba ta cire ba. Ta ce, Baba, gaskiya ne? Na yi wata da watanni ina shirya yadda zan gaya mata. Na zaɓi ranar, na zaɓi wurin. Ciwon uwarta ma a bakin likita yarinyar ta ji shi, na yi wa kaina alkawari ba za a sake ba. Wannan ka ƙwace mini."

Masaji ya sunkuyar da kai.

"An ce har kwaikwayo ka yi. An ce ya yi kyau ƙwarai." Ebihara ya miƙa hannu kan shiryayye, ya ɗauko wata kwalba, ya ajiye a gabansa. "Nuna mini. Kowa ya gani sai ni."

Masaji ya dubi kwalbar. Ebihara ya jira shi kaɗan, sannan ya rusuna irin rusunawar da ake yi wa baƙo, ya fita.

Wurin bai mutu ba. Jamusawa da masu yawon buɗe ido suna ta zuwa, suna ɗaukar hoton tsire, suna yaba al'adar Kokura. Mutanenmu ma da farko ba su daina zuwa ba, don ba wanda yake son a ce ya yi fushi a fili. Amma kanta ta canja. In mutum biyu suna magana ƙasa-ƙasa, Masaji ya matso da faranti, sai su koma zancen ƙwallo da sanyin bana. In ya tambayi wani ya gida, sai a ce lafiya lau, a yi murmushi, a rufe. Har Okonogi, wanda ya fi kowa dariya a ranar, ya koma zama a teburin bango, nesa da murhu. Da kaɗan da kaɗan suka zame zuwa wajen Murata, mutumin da tsirensa yake ƙonewa ta gefe ɗaya, amma ba a taɓa jin maganar wani a bakinsa ba.

Masaji ya rame. Wata safiya ya ce wa matarsa, "Ki yi mini faɗa mana. Shirun nan naki ya fi duka ciwo."

"Faɗan me? Wanda na yi shekara da shekaru ina yi?" Ta numfasa. "Jibi su Ebihara suke haɗa kaya. Ɗakin 'yarmu Kaori yana nan ba kowa tun da ta koma Hamburg. Ka je ka ce yarinyar ta zauna da mu har ta gama jarrabawa. Ko za su karɓa ko ba za su karɓa ba, ka je."

Ya je. Chiharu ce ta buɗe ƙofa, doguwar yarinya mai idon ubanta. Falon cike yake da kwalaye. Masaji ya durƙusa a nan bakin ƙofa, ya kai goshinsa ƙasa, ya nemi gafara. Sannan ya isar da saƙon Fumie.

"Ka gode wa Fumie-san," in ji Chiharu. "Amma gidan ƙawata Lena zan zauna. Ni bin Baba na so in yi, shi ya hana." Sannan ta ƙara, "In na zauna a gidanku, Taisho, duk garin nan zai san ƙarfe nawa nake kuka."

Daga ciki Ebihara ya ce, "Chiharu, ya isa. Bar shi ya shigo."

Yana zaune a ƙasa gaban wani kwali, da igiya a cinyarsa. Ya yi ta ƙoƙarin ƙulla ta, hannun ya ƙi. Ya ɗago ya dubi Masaji.

"Tunda ka zo, ƙulla mini wannan."

Masaji ya ƙulla. Ya ƙulla na biyu, ya naɗe kwanuka a takarda, ya sauke littattafai, ya kinkimi kwalaye zuwa ƙasa. Da aka zo kan hoton marigayiya matar Ebihara, ya tsaya gefe ya bar uba da 'ya suka naɗe shi da kansu. Tun safe har rana ta yi sanyi yana aiki, bai furta kalma ba sai "a ina zan ajiye?"

Da zai tafi, Ebihara ya rako shi bakin matakala.

"Na san ba mugunta ba ce," in ji shi. "Na yi ta tunani. Da mugunta ce da ta fi mini sauƙi, in tsane ka in huta. Kai ne ka rufa mini asiri lokacin da ba ni da kowa, ban manta ba. Kai ne kuma ka tona. Duka biyun zan tafi da su, ban san yadda zan raba su ba."

"Ebihara-san, in akwai abin da zan..."

"Babu. Ka gaishe da Fumie-san. Ka ce kifinta zan fi kewa."

Ya koma ciki ya ja ƙofa da hannun hagu.

Ebihara ya tafi Japan shi kaɗai, da ciwonsa, zuwa gidan da ba kowa a ciki. Chiharu ta yi jarrabawarta a gidan mutane, ta ci, amma ba da sakamakon da malamanta suka sa rai ba, ta bi ubanta. Ba su sake dawowa Düsseldorf ba. Masaji yana nan har yau a gaban murhunsa, kansa ya yi fari. Ya koyi kama bakinsa, ya koya sarai, har sababbin zuwa suna ce masa mutum mai kawaici. Sai dai ya koya ne a lokacin da ba sauran mai ba shi ajiyar magana.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, sirrin da aka ba ka ajiya ba naka ba ne, ko da kai ne ka taimaki mai shi, ko da ka ɓoye sunansa, ko da ba ka nufe shi da sharri ba. Masaji bai yi ƙarya ba, bai ƙi Ebihara ba, abokinsa ne na gaskiya. Son a yi masa dariya a yaba masa na ɗan lokaci ne ya sa ya sayar da abin da ba zai iya fansowa ba. Duk wanda mutane suke sakin jiki a gabansa, mai abinci ne, aboki ne ko maƙwabci, ya sani amana suke ba shi. In labari ya zo maka kan harshe, ka tambayi kanka na wane ne, kuma wa zai ji ciwo in ya fita. In ba naka ba ne, ka haɗiye shi, ko da taron zai watse ba wanda ya yi dariya.